Rigar Sanyi a Watan Mayu

Ranar da Ghali zai tafi, ya ce wa matarsa Asma'u sati biyu kacal zai yi. A da, idan bizarsa ta kusa ƙarewa, Macau yake tsallakawa da safe ya dawo washegari da sabon hatimi. Amma a bazarar 2008, da wasannin Olamfik suka matso, aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Ya bar mata makullin ɗan ofishinsa da ke benen Tianxiu, da lambobin 'yan kasuwar Kano uku da yake tura wa kaya, da 'yarsu Najiba mai shekara biyar. Sati biyu suka cika, na uku ya shiga, yana Abuja yana bin layin biza.

Asma'u ta kasa zama wuri guda. In ta buɗe ofis da safe, kafin azahar ta sauka ƙasa sau uku ba tare da wani dalili ba. Ta leƙa shagon masu sayar da waya, ta tsaya a bakin gadar Xiaobei tana kallon motoci, ta dawo ta tarar da shayin da ta haɗa ya huce. Fasfonta da na Najiba kullum suna cikin jakar da ke rataye a wuyanta, domin a kwanakin nan ana yawan tsayar da mutane a titi a duba takardunsu. Tata bizar saura mata wata guda da 'yan kwanaki.

Najiba ita ba ruwanta da wannan duka. Tana da shekara biyu aka kawo ta Guangzhou, kuma tun bara take zuwa wata makarantar ƙananan yara da ke bayan layinsu, inda ita kaɗai ce baƙar fata a ajinsu. Sinanci a bakinta ya fi na iyayenta nesa ba kusa ba. In mai gadi ya yi wa Asma'u magana ta kasa ganewa, yarinyar take duba.

A farkon Mayu makarantar ta fara wani shiri na koya wa yara kiwon lafiya, saboda zafi ya shigo, kuma ana shirya musu ƙaramar gasa tasu ta guje-guje a ƙarshen wata. Aka raba musu huluna rawaya masu faɗin baki. Aka koya musu waƙar wanke hannu, da shan ruwa kafin a ji ƙishi, da neman inuwa in rana ta take. Duk wanda ya kiyaye, malamarsu Lin Laoshi takan liƙa masa ɗan tauraro na takarda a gaban riga. Najiba ta dawo gida ta zama 'yar sandan lafiya. Ta hana uwarta taɓa abinci sai ta wanke hannu har tsakanin yatsu. Ta ce kada a fita da azahar babu hula ko lema.

Asma'u ta yi dariya, dariyarta ta farko tun tafiyar Ghali. Ta ce wa yarinyar ita da ta tashi a Fagge, ta je Kurmi a ƙafa da tsakar rana a watan Afrilu, ba a China za a koya mata rana ba. Ranar nan ta masu farar fata ce, su take ƙonawa. Da Najiba ta miƙo mata wata takarda daga makaranta, rubutun Sinanci tun daga sama har ƙasa, sai ta ninke ta jefa cikin jaka da niyyar ta kai a karanta mata, ta manta.

Bayan kamar kwana goma yarinyar ta fara canzawa. Ta daina waƙar wanke hannu. In sun dawo gida da la'asar sai ta ja kujera ta hau, ta rufe labulen taga. A hanya tana bin gefen bango inda inuwa take, ba ta yarda ta tsallaka titi sai ta ja hular ta rufe fuska. Asma'u ta lura, amma hankalinta yana kan waya. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar, Alhajin Kantin Kwari, yana tambayar mayafansa, kamfanin jigila yana cewa kwantena za ta rufe ranar Alhamis, Ghali kuma kullum maganarsa guda: an ce ya dawo jibi.

Ranar Litinin da yamma Najiba ta shiga banɗaki ta daɗe. Asma'u ta kira ta sau biyu ba amsa, ta tura ƙofa. Ta same ta tsugune a gaban bokiti, riƙe da soson ƙarfe na wanke tukunya, tana gurzar damtsenta na hagu. Wurin ya yi ja, fatar ta saluɓe, kumfar sabulu ta haɗu da ɗan jini. Yarinyar ba kuka take yi ba. Ta cije leɓe, aiki kawai take yi.

Asma'u ta fizge soson, ta ɗauke ta zuwa falo, ta shafa mata man kaɗanya. Sai da ta lallashe ta da kyau kafin maganar ta fito, rabi Hausa rabi Sinanci. Kullum kafin a fita filin wasa, yara sukan jeru, Laoshi ta shafa wa kowa wani farin mai a fuska da hannu don kada rana ta ƙona su. In an zo kan Najiba sai ta shafa mata kai ta ce ita ba ta buƙata, ta wuce. Wani yaro mai suna Tongtong ya gaya wa 'yan aji dalili: ita ta riga ta ƙone. Ya ce kakarsa ta ce duk yaron da ya ƙi sa hula haka zai koma.

"Umma, ke kika bar ni a rana ina jaririya?" in ji Najiba.

Asma'u ta ce mata a'a, haka Allah ya halicce ta, kamar Abbanta, kamar kakarta Hajiya ta Fagge, kamar kowa a gida. Yarinyar ta saurara, ta gyaɗa kai, amma ba alamar maganar ta shiga.

Kafin magariba Asma'u ta ja hannunta suka hau hawa na uku wurin Memuna. Memuna mutuniyar zangon Kumasi ce, shekararta tara a garin tana tura takalma da jakunkuna Ghana, kuma ita matan Tianxiu suke nema in za a je asibiti ko ofishin hukuma, don ta iya Sinanci har da karatu. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu. Ta saurari Asma'u har ta gama zazzaga faɗanta, sannan ta tambaya ko makaranta ba ta aiko da takarda ba. Asma'u ta tono ta daga ƙasan jaka, duk ta yamutse. Memuna ta sa tabarau ta karanta a hankali. Takardar ta ce kowane yaro a kawo masa goran ruwa mai sunansa, da riga mara nauyi, da man kariya daga rana, kafin goma ga wata. Ran nan sha tara ga wata ne.

Memuna ta ce duk da haka maganar malamar ba daidai ba ce, kuma za ta raka ta makarantar, amma sai Laraba, domin gobe tana da lodi. Asma'u ma gobe sai ta je kantunan Guangyuan ta duba mayafan Alhaji kafin a ɗaure su. Suka tsayar da Laraba.

Da safe Najiba ta shirya kanta da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta fito da jakarta a baya, an ga jakar ta kumbura, amma Asma'u tana waya da Ghali, layin yana yankewa, ba ta tambaya ba. Ta ajiye ta a ƙofar makaranta ta wuce tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ranar babu iska ko kaɗan. An yi ruwa da asuba, rana ta fito a kai, garin ya zama kamar an kifa tukunya mai tururi. Daga tashar zuwa manyan kantunan Guangyuan tafiyar minti sha biyar ce a ƙafa, cikin masu tura amalanke da masu jan buhunan kaya. Kafin Asma'u ta isa, hijabinta ya manne a bayanta. Zufar nan ba ta bushewa kamar ta Kano, zama take yi a jiki. Ta hau hawa na huɗu, mai shagon ya zube mata mayafai, ta ga launin toka da aka ce a sa babu shi. Ta tambaya, ya ce "meyo", wato babu. Suna cikin ja-in-ja da hannu da na'urar lissafi wayarta ta yi ƙara. Muryar mace ce, tana Sinanci da sauri. Abu biyu kawai Asma'u ta tsinta: sunan 'yarta, da kalmar da ke nufin zo.

Ta miƙa wa mai shagon wayar. Ya saurara, fuskarsa ta canza, ya nuna mata da hannu mutum ya faɗi, sannan ya nuna ƙofa.

Ba ta san yadda ta sauko benen ba. A bakin titi ta tsayar da tasi uku, duk da mutane a ciki. Ta huɗu ta rage gudu ta wuce. Ta kira Memuna, tana magana tana tafiya, ta koma tashar da gudu-gudu. A kan matakala jiri ya ɗebe ta, sai da ta riƙe ƙarfen gefe ta tsaya, bakinta ya bushe ƙayau. Tun shayin safe ba ta sa komai a cikinta ba. Wata tsohuwa mai sayar da ruwa ta miƙo mata gora, ta shanye rabi a tsaye ta ci gaba. A cikin jirgin akwai wurin zama amma ta tsaya a bakin ƙofa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Memuna ta riga ta isa, ta baro lodinta a hannun masu ɗaurin kaya. Ta tare ta a ƙofar makaranta ta ce, "Kwantar da hankalinki, Maman Najiba. Yarinya ya farka, yana shan ruwa."

Najiba tana kwance a ɗakin nas, fanka tana kaɗa mata, an ɗora mata jiƙaƙƙen tawul a goshi da wuya. A kan kujera an ajiye rigar sanyinta mai kauri, ja, wadda Ghali ya saya mata a watan Janairu, da safar hannu. Nas ɗin, wata dattijuwa mai suna Madam Chen, ta yi bayani Memuna tana fassarawa. Yarinyar ta shiga banɗaki kafin a fita gwajin gudu, ta sa rigar sanyin a ƙarƙashin rigar wasanni mai dogon hannu, ta ja zif har wuya. Ta yi zagaye biyu, a na uku ta durƙushe. Da aka cire mata kayan jikinta kamar garwashi. Ta ce wa nas ba ta so rana ta ƙara taɓa ta. Madam Chen ta ce zafi ne ya buge ta, an kama abin da wuri, amma da an ƙara minti goma da asibiti ake magana.

Lin Laoshi tana tsaye a bakin ƙofa. Asma'u ta taho da maganganu cike da baki tun daga Guangyuan, amma da ta dube ta sai ta ga yarinya ce da ba ta wuce ashirin da uku ba, idanunta sun kumbura, tana murza hular Najiba a hannu. Duk da haka ta ce wa Memuna ta tambaye ta, me ya sa take tsallake 'yarta a layi.

Malamar ta ce Najiba ba ta zo da man ba. Akwai wasu yara biyu da su ma ba su zo da shi ba, ta shafa musu nata. Amma Najiba, ta ɗauka baƙar fata ba ta buƙata, ta ɗauka ma abin yabo ta faɗa mata. Ba ta ji abin da Tongtong ya ce ba sai yau.

Madam Chen ta katse ta, ta yi magana mai tsawo da kakkausar murya. Memuna ta taƙaita: ta ce baƙar fata ta fi jure rana, gaskiya ne, amma ita ma tana ƙonewa, idanu ma rana tana yi musu illa, kuma zafi da ƙishi ba su san launin kowa ba. Ta ce shirin na kowane yaro ne, ba a cire kowa.

Abin da malamar ta faɗa shi ne abin da Asma'u ma ta faɗa wa 'yarta a falo tana dariya. Ta zauna a gefen gadon, ta riƙe ƙafar Najiba. Can ta ce wa Memuna ta gaya wa malamar ita ma ta yi kuskure, takardar ta fi kwana goma tana jakarta. Sannan ta ce tana so a ba ta dama ta shiga ajin ta yi wa yaran magana. Memuna ta dube ta da mamaki, ta fassara. Malamar ta sunkuyar da kai ta ce ranar Juma'a da safe.

Kwana biyun nan Najiba ba ta je makaranta ba. Asma'u ta tafi da ita ofis, ta shimfiɗa mata darduma a bayan tebur. Mayafan Alhaji suka shiga kwantena babu launin toka, ya yi ta mita a waya, ta ba shi haƙuri. Ghali da ya ji labari ya ce su tattara su taho gida kawai, sannan bayan awa guda ya sake kira ya ce su dakata, an ce ya dawo Litinin. Ta shiga kantin magani ita da Memuna suka sayi man, da goran ruwa shuɗi. Najiba ta rubuta sunanta a jiki da haruffan Sinanci da na boko.

Ranar Juma'a Asma'u ta shiga ajin da kundin hotunansu a hammata. Yara ashirin da shida a kan ƙananan kujeru, duk sun zuba mata ido. Ta buɗe hoton Najiba ranar suna, tana da kwana bakwai a duniya, a naɗe cikin farin zane a hannun Hajiya. Ta ce a tambaye su, wannan jaririyar ta taɓa shiga rana? Memuna ta fassara. Yara suka taso suka kewaye hoton. Ta nuna musu Ghali, da yayyenta, da taron biki inda kowa baƙi ne tun daga amarya har mai ɗaukar hoto.

Ta gaya musu a garinsu rana ta fi ta nan zafi, kuma mutanen can ma suna gudun ta. Manoma suna sa malafa mai faɗi kamar faifai. In rana ta take, masu shago sukan sauke rumfa, tsofaffi su koma gindin darbejiya. A kowane gida akwai randa ta ƙasa a lungu mai sanyi, baƙo in ya shigo ruwa ake fara ba shi kafin gaisuwa ta yi nisa. Memuna ta tsaya tana neman yadda za ta ce randa da Sinanci. Sai aka ji ƙaramar murya daga gefe ta faɗi wata kalma, ta ƙara da bayani, tana zana girman tukunyar da hannuwa biyu. Najiba ce. Daga nan ita ta karɓi fassarar, Memuna ta koma ta jingina da bango.

Wani yaro mai kumatu ya ɗaga hannu. Najiba ta dube shi, ta dubi uwarta ta ce, "Shi ne Tongtong. Wai in ya daɗe a rana zai zama kamar ni?"

Madam Chen ce ta amsa daga bayan aji. Ta ce a'a, ja zai yi kamar dafaffen jatan lande, ya yi kuka, fatarsa ta saɓule, kuma ya koma yadda yake. Yara suka fashe da dariya, har da shi. Da lokacin fita ya yi suka jeru, Lin Laoshi ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Najiba ta durƙusa, ta yi mata wata magana a hankali wadda Asma'u ba ta ji ba, ta shafa mata man a goshi da kumatu, ta kauce wa ciwon damtsen. Man ya bar farin dishi-dishi a fuskarta. Najiba ta taɓa kumatunta ta duba yatsa.

Abin bai wuce a rana guda ba. Sati na gaba ma ta rufe labule sau biyu, kuma wata rana a lif ta tambayi uwarta ko Hajiya ta taɓa so ta zama fara. Asma'u ta ce ba ta sani ba, in sun je ta tambaye ta da kanta.

An yi gasar a ƙarshen wata. Makarantar ta dawo da ita ƙarfe takwas da rabi na safe, aka kafa rumfuna, aka jera gorunan ruwa a kan tebur. Asma'u ta tsaya cikin iyaye, ta kasa zama a kujerar da aka ba ta. Najiba ta yi gudun mita talatin da 'yan mata shida, ta zo ta huɗu, hularta ta faɗi a hanya ta koma ta ɗauka kafin ta ƙarasa. An ba kowane yaro lambar kwali mai zare.

Daga makarantar Asma'u da Memuna suka wuce ofishin shige da fice, Najiba a tsakiyarsu. Suka yi awa uku a layi. Aka ƙara musu kwana talatin, aka ce daga nan sai su fita. Ghali bai samu tasa bizar ba sai bayan an gama wasannin Olamfik. A farkon Yuli Asma'u ta rufe ofis, ta ba Memuna makulli, suka hau jirgi zuwa Kano, inda suka yi damina a gidan Hajiya. A watan Oktoba, ana dab da buɗe baje kolin Pazhou, suka dawo su uku. Najiba ta shiga ajin manya na makarantar. Hausarta ta yi ƙarfi a wata ukun nan, har Memuna ta ce yanzu in yarinyar ta yi magana da sauri ita ma sai ta ce a maimaita mata.